Sarkin Yawa Bai Fi Sarkin Dabara Ba: Sharhi Kan Wahalar Taswirorin Doom da 'Yan Wasa Suka Gina

Idan kana cikin masu buga Free Fire ko PUBG Mobile a Funtua, Bakori ko Malumfashi, musamman da kaka, lokacin da aka kai amfanin gona gida aka ɗan samu sarari da kuɗin data, da wuya a ce ba a taɓa turo maka lambar wata taswira da wani ya gina da hannunsa ba. Tun 2021 Free Fire ya fito da Craftland, PUBG Mobile kuma ya biyo baya da World of Wonder a 2023. Duka biyun sun ba ɗan wasa dama ya tsara filin fafatawarsa ya raba wa abokai. Wata taswirar za ka shiga a kashe ka sau goma, amma kana ta cewa a sake. Wata kuwa kisa biyu ya isa ka fice, kana jin haushin cajin da ka ƙona.

To, mene ne bambancinsu, alhali dukansu sun ba ka wuya?

Domin amsa wannan tambaya za mu bar wayarka tukuna, mu koma kan wani tsohon gem mai suna Doom, wanda 'yan wasa suka shafe sama da shekara 30 suna gina masa taswirori suna kuma gardama a kansu. Abin da wannan sharhi zai nuna maka shi ne, wahala mai kyau ita ce wadda idan ta kayar da kai za ka iya faɗin dalilin faɗuwarka. Yawan abokan gaba da magini ya zuba ba shi ne ma'auninta ba.

Me ya sa Doom?

Kamfanin id Software na Amurka ya fitar da Doom ranar 10 ga Disamba, 1993, sannan Doom II a 1994. Masu shi sun yi wata dabara tun farko: sun ware injin gem ɗin daban, taswirori da hotuna da sauti kuma suka zuba su a wani fayil da ake kira WAD. Wannan ya sa cikin 'yan watanni mutane suka ƙirƙiro manhajojin gina taswira, irin su DEU, suka fara rarraba nasu ayyukan a intanet. A Disambar 1997 kamfanin ya saki rubutun manhajar gem ɗin kowa ya gani.

Wannan sakin shi ne ya mayar da Doom tamkar ɗakin gwaji. A Free Fire ba ka da hanyar ganin duk lissafin da ke ƙarƙashin wasan. A Doom kuwa komai a fili yake: jinin kowane dodo, gudun kowane makami, har jadawalin lambobi 256 da gem ɗin ke bi wajen yin ƙuri'a. Ke nan idan muka ce taswira kaza ta yi tsanani, muna iya kawo lamba mu kafa hujja, maimakon a tsaya kan "ni dai haka na ji".

Kayan da ke hannun magini

Kai ɗan wasa kana farawa da jini 100 da ƙaramar bindiga mai harsashi 50. Ga wasu daga cikin abokan karawarka a Doom II, da sunayen da za mu riƙa kiran su da su a nan:

Imp, ɗan aljani mai jifa da dunƙulen wuta, jininsa 60.

Chaingunner, mai mashinga, jininsa 70.

Revenant, ƙwarangwal mai harba makamin da ke bin ka duk inda ka karkata, jininsa 300.

Arch-vile, boka, mai tayar da dodannin da ka riga ka kashe, jininsa 700.

Baron of Hell, basamude, jininsa 1,000.

Cyberdemon, dodon ƙarfe mai harba roka, jininsa 4,000.

Wanda bai saba ba zai dubi wannan jeri ya ce ai basamude ya ninka mai mashinga haɗari fiye da sau goma. Ba haka abin yake ba. Basamude jifa yake yi, kana ganin dunƙulen wutarsa yana tahowa, ka goce masa. Mai mashinga kuwa harbinsa na nan-take ne. Gem ɗin ba ya zana harsashin yana tafiya a iska, da ya danna kunama lissafin ya ƙare, ko ya same ka ko ya kuskure. Ba ka da abin gocewa. Maganinsa biyu ne kawai: ka riga shi harbi, ko ka sa bango tsakaninku.

Yanzu dubi lissafin harsashi. Bindiga mai baki biyu ta Doom II tana fesa ƙwayoyi 20 a harbi ɗaya, kowace ƙwaya tana cire jini 5, 10 ko 15. Idan duk sun shiga, kusan jini 200 ke nan a kan harsashi biyu. Basamude ɗaya zai ci maka harbi biyar ko shida, wato harsashi 10 zuwa 12, da kamar sakan takwas zuwa tara na tsayawa kana ɗurawa kana harbawa. Jera basamudai goma a babban ɗaki, ka ga ɗan wasa zai ƙarar da harsashi 100, iyakar abin da zai iya ɗauka ko da ya samu jakar baya, ya kuma ɓata fiye da minti ɗaya yana maimaita motsi guda. Bai shiga haɗarin kirki ba, bai koyi komai ba. An dai ba shi aikin sussuka ne.

Ka riƙe wannan bambanci, domin a kansa sauran sharhin ya ginu: akwai dodon da ke cin lokacinka, akwai wanda ke tilasta maka yanke shawara.

Wani abu kuma da mutane da yawa ba su lura da shi ba: matakin wahala da ake kira Ultra-Violence, wanda gwanaye suka fi bugawa, ba ya ƙara wa dodanni jini ko ƙarfi a kan matsakaicin mataki. Magini ne ke yi wa kowane dodo da kowane akwatin harsashi alamar matakin da zai bayyana a ciki. Saboda haka wahalar taswira a Doom aikin hannun mutum ce, kuma ana iya kama shi da laifinta.

Kwatan sakan

Mutum mai lafiya yana ɗaukar kusan kwatan sakan tsakanin idonsa ya ga abu da yatsansa ya motsa. Wannan iyaka ce ta jijiyoyi, atisaye yana ɗan rage ta amma ba ya kawar da ita. Doom yana lissafa duniyarsa sau 35 a kowane sakan, kuma yana da nasa awon tsawo: faɗin jikin ɗan wasa awo 32 ne, babbar ƙofa kuma galibi awo 128.

Wutar ɗan aljani tana tafiyar awo 350 a sakan. Rokar dodon ƙarfe tana yin 700. Kai kuma idan kana gudu sosai kana yin kusan 580. Ka ga ke nan a cikin kwatan sakan roka ta riga ta ci awo 175. Idan magini ya ajiye dodon ƙarfe a nisan awo 1,000 a fili, kana da sama da sakan ɗaya ka gani ka goce, wasa ya yi daɗi. Idan ya ɓoye shi a bayan ƙofa a nisan awo 150, rokar za ta iso kafin saƙon idonka ya kai yatsa. Dodo ɗaya ne, jini ɗaya, makami ɗaya. Tazara kawai aka sauya, gwajin gwaninta ya koma caca.

Manomin masara ya san wannan magana tun kafin a ƙirƙiri kwamfuta. Shawarar da malaman gona suka saba bayarwa ita ce santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin shuka da shuka, abin da ke ba da tsiro kusan 53,000 a hekta. Wanda ya ninka irin a fili guda don kwaɗayin buhuna, kara zai samu maimakon zangarniya. Tsiron yana bukatar sarari kafin ya yi abin da aka shuka shi dominsa, kuma haka dodo yake a taswira.

Plutonia: kaɗan mai cizo

A 1996 id Software ya sayar da wani kundi mai suna Final Doom, wanda 'yan wasa ne suka gina taswirorinsa. Rabinsa shi ne The Plutonia Experiment, taswirori 32 da wasu 'yan'uwa biyu daga Ingila, Dario da Milo Casali, suka gina cikin 'yan watanni. Dario ya bayyana daga baya cewa sun yi shi ne domin waɗanda suka gama Doom II a mataki mai wuya, kuma duk taswirar da ya ga ya ci ta cikin sauƙi sai ya koma ya ƙara mata tsanani. Daga nan ya samu aiki a kamfanin Valve, inda ya yi aiki a kan Half-Life.

Abin da zai ba ka mamaki a Plutonia shi ne ƙarancin dodannin a yawancin taswirorinsa. Tun taswira ta farko, Congo, ana haɗa ka da masu mashinga da ƙwarangwal, dodannin da Doom II ya jinkirta fito da su. 'Yan'uwan sun gane cewa waɗannan biyun suna buƙatar abubuwa masu karo da juna. Mai mashinga yana kora ka bayan bango. Makamin ƙwarangwal kuma, da yake yana bin mutum kuma yana iya cire jini har 80, yana hana ka tsayawa wuri ɗaya. Idan an haɗa su, kowane sakan sai ka zaɓi wanda za ka fara kashewa da kusurwar da za ka fake.

Taswira ta 11, Hunted, ita ce darasi mafi tsafta. Babu kowane irin dodo a cikinta sai boka, fiye da goma. Tun da farko ana nuna maka su a tsaye, ka gan su da idonka, sannan a watsa su cikin wani gini mai lunguna kamar tsohuwar unguwa, inda ƙofofi ke buɗewa da kansu idan an matso. Harin boka yana da ƙa'ida: yakan ɗaga hannu, wuta ta bayyana a jikinka, sai bayan kusan sakan biyu ta fashe, kuma ba za ta taɓa ka ba idan a lokacin fashewar ba ya ganin ka. Harbi kuma da wuya ya katse shi. Damar ya ji zafi ya dakata 10 ce cikin 256, wato kusan kashi 4 cikin 100, alhali ta ɗan aljani 200 ce cikin 256. Ma'ana, ba za ka dogara da ƙarfin bindiga ba, sai ka nemi kwana. Taswirar kuwa kwana ce ko'ina. An ba ka matsala, an ba ka maganinta a jikin ginin, an kuma ba ka sakan biyu ka haɗa su. Idan ka mutu a Hunted ka san abin da ya faru: ka yi kwaɗayin harbi na uku maimakon ka koma bayan bango.

Plutonia bai kuɓuta daga laifi ba. Yana da ɗabi'ar buɗe bango a bayanka a fito da masu mashinga daidai lokacin da ka ɗauki makulli, wani lokacin a tazarar da babu abin da za ka iya yi a karon farko. Masu kare shi za su ce ai a karo na biyu ka sani. Gaskiya ne, amma tarkon da sai ya kashe ka kafin ka san da shi hadda yake gwadawa. Abin da ya rage masa laifi shi ne 'yan Casali suna maimaita salonsu har ka koyi karanta su. Bayan taswira uku ko huɗu, da ka ga makulli a ajiye tsakiyar ɗaki shiru, jikinka zai ba ka.

Go 2 It da 'ya'yanta

A ɓoye cikin Plutonia akwai taswira ta 32, Go 2 It, wadda ta karya ƙa'idar ƙarancin. Dodanni kusan 200 ne a cikinta, ciki har da dodon ƙarfe 13. Su kaɗai jininsu ya kai 52,000. A takarda abin kamar hauka ne, amma tana buguwa, saboda dalili biyu. Na farko, an zuba jini da harsashi da manyan makamai birjik. Na biyu, Doom yana da wata ƙa'ida: idan harin wani dodo ya sami dodo na wani jinsi, wanda aka sama yakan juya ya rama. Gwani ba ya tsayawa kashe 200 da hannunsa. Yana ratsawa ta tsakiyarsu da gudu ya haɗa su faɗa, ya koma gefe. A nan taron ya zama makami a hannun wanda ya san yadda ake juya shi.

Wannan taswira ta haifi salo guda na gini, na tara ɗaruruwan dodanni a fili ɗaya. Shahararren kundin farko a wannan layi shi ne Hell Revealed na 1997, aikin Yonatan Donner da Haggay Niv daga Isra'ila. Yana da matsayi a tarihi, kuma taswirarsa ta 24, Post Mortem, ta daɗe cikin jerin waɗanda gwanaye ke auna kansu da su. Sai dai idan ka buga shi a yau za ka ga raunin da lissafinmu na baya ya hango. A wurare da dama an cika manyan ɗakuna da basamudai da makamantansu, kuma hanyar da ta fi aminci ita ce ka tsaya bakin ƙofa kana harbi kana ja da baya har su ƙare. Taswirar da mafi kyawun dabarar cin ta ita ce mafi gundura, magininta ya gaza, ko da sunanta ya yi tambari.

Ƙarshen wannan hanya shi ne Nuts na 2001, wanda wani magini mai laƙabin B.P.R.D. ya yi da dodanni sama da 10,000 a taswira ɗaya. Shi da kansa raha ce, kuma ya fi shahara wajen gwada ƙarfin kwamfuta fiye da gwada ɗan wasa. Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Nuts ya nuna iyakar karin maganar: idan taron ya wuce misali, junansu suke ci.

Salon bai mutu a nan ba, ya dai yi hankali. Sunlust na 2015, aikin Ribbiks da Dannebubinga, yana tara dodanni da yawa shi ma, amma kowane faɗa an tsara shi kamar wasan dara. Akwai inda za ka tsaya, akwai wanda za ka fara cirewa, akwai lokacin da za ka ɗauki jinin da aka ajiye maka. Maginansa sun kuma ɗauki ƙananan matakan wahala da muhimmanci, ta yadda wanda bai kai gwani ba zai iya ganin aikin ba tare da an wulaƙanta shi ba. Wannan ma ma'auni ne na magini nagari.

Scythe da Sigil: wahala ta hanyar hanawa

Akwai masu tsananta taswira ta hanyar rage abin da ke hannunka maimakon ƙara abokan gaba. Scythe na 2003, aikin Erik Alm daga Suwidin, yana farawa da ƙananan taswirori da za ka gama cikin minti biyu ko uku, yana hawa a hankali kamar matakala. A wasu gaɓoɓi yana kashe ka da gangan a ƙarshen taswira domin ka shiga ta gaba da ƙaramar bindiga kawai. Dabara ce mai kyau, domin magini ya san ainihin abin da ke aljihunka, sai ya auna faɗan daidai da shi. Gajartar taswirorin kuma tana sa mutuwa ba ta da tsada. Ka rasa minti biyu, ka sake.

Amma a taswira ta 28, Run From It, Alm ya saka agogon da ba a gani. Idan ba ka kai wani wuri cikin lokaci ba sai kawai ka faɗi matacce, babu dodon da ya taɓa ka. Sunan taswirar ne kaɗai gargaɗinka. Wanda ya san sirrin yana jin daɗin tseren. Wanda bai sani ba zai ɗauka gem ɗin ne ya lalace. A ma'auninmu wannan faɗuwa ce, domin an hukunta ɗan wasa a kan dokar da ba a karanta masa ba.

Sigil kuwa John Romero ne ya gina shi, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri Doom tun asali, ya sake shi kyauta a watan Mayun 2019 da taswirori tara. Da yake a kan Doom na farko ya gina shi, babu bindiga mai baki biyu, babu boka, babu ƙwarangwal. Romero ya nemi wahala a siraran hanyoyi a kan narkakken dutse, da duhu, da ƙarancin harsashi. Ya kuma kawo wata alama mai kyau: idanu da ke ɓoye a bango, waɗanda sai ka harbe su hanya take buɗewa. Tun a ɗakin farko ake koya maka wannan, daga nan kuma taswirar tana magana da kai da harshen da ka riga ka iya.

Inda Sigil ya yi rauni shi ne inda lissafi ya kama shi. Bindiga mai baki ɗaya ƙwaya 7 take fesawa, kusan jini 70. Basamude ɗaya zai ci harsashi wajen 15. Idan aka tsayar maka da shi a siririyar hanya, cikin duhun da ba ka ganin gefen ramin, abin da ake gwadawa ya koma haƙurinka da hasken allon na'urarka. Duhu yana ƙara fargaba, wannan gaskiya ne. Amma duk abin da ya hana ɗan wasa ganin dalilin mutuwarsa yana rage darajar wahalar.

Abin da bincike ya ce

Wannan ma'auni ba son rai ba ne kawai. Masanin halayyar ɗan Adam Mihaly Csikszentmihalyi ya yi bayani tun shekarun 1970 cewa mutum ya fi nutsewa cikin aiki idan wuyarsa ta yi daidai da iyawarsa, burin a fili yake, kuma yana ganin sakamakon kowane motsinsa nan da nan. Mutane sun fi riƙe sharaɗin farko su manta da sauran biyun, alhali su ne Run From It ta karya.

Jesper Juul, mai binciken wasannin kwamfuta ɗan ƙasar Denmak, wanda ya rubuta littafin The Art of Failure a 2013, ya taɓa gwada wani ƙaramin gem a kan 'yan wasa ya tambaye su dalilin faɗuwarsu. Waɗanda suka ɗora laifin a kan kuskurensu sun fi yaba gem ɗin a kan waɗanda suka ɗora shi a kan tsananin wasan. Ka lura da abin da wannan ke nufi ga magini: aikinka shi ne ka sa wanda ya faɗi ya ce "ni na yi sake", ya kuma zama gaskiya ya faɗa.

Mu dawo kan wayarka

Yawancin taswirorin Craftland mutum da mutum ne ke karawa, babu dodanni. Duk da haka darasin bai canza ba, domin a Free Fire kusan kowane abokin gaba mai mashinga ne, harbinsa ba ya ba ka lokacin gocewa. Don haka abin da ke hannunka a matsayin magini shi ne layin gani: wa ke hango wa, daga ina, kuma taku nawa ne zuwa mafaka mafi kusa. Ka tuna bambancin gonar dawa a watan Satumba, inda mutum zai wuce kusa da kai ba ka gan shi ba, da gonar nan dai bayan girbi, inda ake hango mai tafiya daga nesa. Taswira mai kyau tana da duka biyun, kuma tana ba mutum hanyar ratsawa daga wannan zuwa wancan. Dust II ta Counter-Strike, wadda David Johnston ya gina aka sake ta a 2001, ta shekara sama da 20 ana buga ta saboda wannan: hanyoyi kaɗan ne, kowa ya san inda za a haɗu, kuma kowace doguwar hanya tana da wata gajeriya da ke zagaye ta.

Kafin ka raba lambar taswirarka, yi mata waɗannan tambayoyi. Shin akwai wurin da ake iya harbin mutum tun bai motsa daga inda ya sauka ba? Shin akwai tudu ɗaya da duk wanda ya riga hawa ya gama cin wasan? Idan ka sauya ɓangarorin biyu, sakamakon yana sauyawa? Sannan ka tuna kwatan sakan ɗin nan ba ɗaya ba ne ga kowa. Wanda ke buga wasa a cikin garin Funtua da sabis mai ƙarfi, da wanda ke wani ƙauye a Kafur ko Danja da ƙaramar waya da sabis mai yankewa, ba lokaci guda suke ganin abu ba. Idan jinkirin sabis ya ƙara wa mutum ko da kashi ɗaya cikin goma na sakan, lungu mai kwana a kusa-kusa ya zama nasarar mai tsadar waya. Ka buɗe tazara kaɗan, ka ƙara mafaka, sai dabara ta samu wurin aiki.

Akwai kuma maganar abin da ka zuba a ciki. A yankin da mutanen Faskari, Sabuwa da Dandume suka san ƙarar bindiga ba a waya ba, bai dace ka sa wa taswirar harbi sunan wani ƙauye na gaske ko ka kwaikwayi harin da ya taɓa faruwa ba. Cikin waɗanda za ka tura wa lambar, ba ka san wanda abin ya taɓa gidansu ba. Dodannin Doom ƙagaggu ne, shi ya sa ake iya dariya bayan an mutu.

Idan kana son ka ga misalan nan da idonka, ba sai ka yi babban kashe kuɗi ba. Fayil ɗin Doom II bai kai megabait 15 ba, kuma tsohuwar kwamfutar cinya tana ɗaukar sa. Akwai Freedoom, wanda kyauta ne kuma yana buɗe yawancin taswirorin da 'yan wasa suka gina, akwai kuma Ultimate Doom Builder na gina naka. Fara da Scythe a matsakaicin mataki. Duk lokacin da aka kashe ka, dakata ka tambayi kanka ko za ka iya faɗin dalili a jimla ɗaya. Ranar da ka gina taka, ka ba abokinka wayar ka zauna gefensa ka yi shiru, kada ka nuna masa hanya. Idan ya faɗi, saurari wanda zai zarga, kansa ko kai.